Kafin a danna "Formater": yadda ake tambayar kwamfuta faya-fayan da ke jikinta

Ƙorafi ne da masu gyaran kwamfuta da masu sibar-kafe suka saba ji a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: an soka kile USB, kwamfuta ta yi ƙara alamar ta ji shi, amma bai fito a allo ba. Wani lokaci kuma wata ƙaramar taga ce ke buɗewa da Faransanci, tana cewa sai an wanke faifan kafin a yi amfani da shi, ga maɓallin "Formater le disque" a ƙasa yana jiran yatsa.

Abin da ke cikin irin wannan kile ɗin sau da yawa ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke shirin kare memuwar ɗinta, mai ɗaukar bidiyon biki da bai riga ya miƙa wa ango aikinsa ba, ɗan ci-rani a Tamanrasset ko Abijan da ya tara hotunan takardunsa da muryoyin iyalinsa a karti memuwar ɗaya, duk suna iya rasa aikin shekaru cikin daƙiƙa kaɗan idan aka danna maɓallin da bai dace ba.

Akwai tambayar da ya kamata a yi wa na'urar kafin a taɓa komai: waɗanne faya-fayai take gani a jikinta yanzu, kuma wanne ne wanne? Allon da aka saba da shi, mai hotunan dosiye da linzami, ba ya ba da cikakkiyar amsa. Tagar umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta kalmomi kai tsaye, ita ke ba da ita. Umarnin da ake buƙata ba su wuce biyar ko shida ba, kuma kallo kawai suke yi, ba sa goge komai.

Matakai huɗu tsakanin soka kile da ganin fayil

Idan aka soka kile, abubuwa huɗu ne ke faruwa bi da bi. Na farko, ƙofar USB ta ba shi wuta, shi kuma ya gabatar da kansa da lambar kamfanin da ya ƙera shi. Na biyu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, Windows ce ko Linux ko macOS, ta karɓe shi a matsayin faifan ajiya ta auna girmansa. Na uku, ta karanta teburin da ke farkon faifan, wanda ke nuna yankuna nawa aka raba shi. Na huɗu, ta gane irin tsarin da aka bi wajen jera fayiloli a kowane yanki, sannan ta buɗe shi ta ba shi harafi kamar E: ko F:.

Allon yau da kullum yana nuna faifan da ya ci dukkan matakan huɗu ne. Wanda ya tsaya a na biyu ko na uku, mai shi zai ɗauka ya mutu, alhali fayilolinsa na nan daram. Aikin tagar umarni shi ne nuna matakin da aka tsaya. Daga nan ake sanin ko matsalar ta igiya ce, ko ta rashin harafi, ko kuwa faifan ne da kansa ke neman kwanciya.

A Linux: umarnin lsblk

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ta gaji wata al'ada daga Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969: kowace na'ura da aka jona ana ba ta suna kamar fayil, a cikin wani dosiye mai suna /dev. Faifai na farko shi ne sda, na biyu sdb, na uku sdc. Yankunan da ke ciki kuma ana ƙara musu lamba: sda1, sda2. Sabbin faya-fayai masu sauri na nau'in NVMe suna zuwa da suna kamar nvme0n1, yankinsu na farko nvme0n1p1. Karti memuwar da aka soka a ramin da ke jikin kwamfutar kan fito da sunan mmcblk0, amma idan ta adafta mai USB aka bi, sai ya fito a jerin sdb da sdc.

A Ubuntu ana buɗe tagar umarni da danna Ctrl da Alt da T tare. Sai a rubuta lsblk a danna Entrée. A kwamfutar da ke da faifai mai giga 500 da aka soka wa kile mai giga 32, amsar za ta yi kama da haka:

NAME SIZE RM TYPE MOUNTPOINTS
sda 465,8G 0 disk
sda1 512M 0 part /boot/efi
sda2 465,3G 0 part /
sdb 29,8G 1 disk
sdb1 29,8G 1 part

Layin SIZE girma ne. A layin TYPE, disk na nufin faifai gaba ɗayansa, part kuma yanki ne a cikinsa. RM idan ya nuna 1, na'urar irin wadda ake cirewa ce. Layin ƙarshe yana nuna inda aka buɗe yankin. Wanda ke da alamar / shi kaɗai a gabansa, a nan babbar manhajar take zaune, kuma shi ne faifan da ba a wasa da shi. A wannan misalin sdb1 ba shi da komai a gabansa: kwamfuta ta ga kile ɗin, ta ga yankinsa, amma ba ta buɗe shi ba. Ke nan a mataki na huɗu aka tsaya.

Lambar RM ba abin dogaro ba ce koyaushe, domin babban faifan waje da ake jonawa ta USB kan nuna 0 kamar na ciki. Shi ya sa ƙwararru ke faɗaɗa tambayar: lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,TRAN. Wannan yana ƙara sunan samfurin, lambar da masana'anta ta buga masa, da hanyar da ya shigo, usb ce ko sata ko nvme. Idan kuma aka rubuta lsblk -f, sai ta nuna tsarin fayilolin kowane yanki, da sunan da mai shi ya laƙaba masa, da wata doguwar lamba da ake kira UUID wadda ke bin yankin duk ƙofar da aka soka shi.

Akwai wasu umarnin da ke taimakawa. Umarnin df -h yana nuna wurin da aka cinye da wanda ya rage, amma a faya-fayan da aka riga aka buɗe kaɗai, don haka rashin ganin kile a cikinsa ba ya nufin ya mutu. Shi kuma sudo fdisk -l yana karanta teburin yankuna, ya faɗi ko tsohon tsari ne na MBR, wanda ba ya wuce manyan yankuna huɗu da girman tera 2 a faifai na gama-gari, ko sabon nan na GPT.

Idan bai fito a lsblk ba fa?

A nan ake komawa mataki na farko da umarnin lsusb, wanda ke jera duk abin da aka jona ta USB, har linzami da kyamara. Kowane layi na ɗauke da lambobi biyu da aka raba da ɗigo biyu. Ta farkon ita ce ta kamfani. Lambar 0781 ta SanDisk ce, 0951 kuma ta Kingston. Idan na'urar ta fito a lsusb amma babu ita a lsblk, ko ta fito da girman sifili, galibi ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ajiyar ce ta samu matsala. Idan ko a lsusb babu ita, sai a fara zargin igiya, ko ƙofar, ko ƙurar hunturu da ta toshe bakin.

Hanya mafi sauƙi ta kallon abin da ke faruwa ido da ido ita ce a cire na'urar, a rubuta sudo dmesg -w, sannan a sake soka ta. Nan take layuka za su fara zubowa: an ga sabuwar na'ura, ga kamfaninta, ga sunan da aka ba ta. Idan layukan suna ta maimaita I/O error, faifan yana kasa karanta wasu sassansa. Idan kuma yana shiga yana fita shi kaɗai, sau da yawa wuta ce ba ta ishe shi ba. Ƙofar USB 2.0 milliamfa 500 take bayarwa bisa ƙa'ida, ta USB 3.0 kuma 900. Faifan waje mai juyawa na iya buƙatar fiye da abin da tsohuwar ƙofa ko doguwar igiya mai arha za ta kai masa, sai ya riƙa ƙas-ƙas yana kasa tashi. Canza igiya ko komawa ƙofar baya ta kwamfutar tebur kan warware wannan ba tare da an kashe ko dala ba. Manyan faya-fayai na kwamfutar tebur kuwa suna buƙatar wutar bolt 12 daga waje, USB kaɗai ba ta tayar da su.

Wayar salula daban take. Ko da yake Android a kan Linux aka gina ta, wayoyin yanzu ba sa miƙa ajiyarsu ga kwamfuta a matsayin faifai. Suna amfani da wata hanyar musayar fayil da ake kira MTP. Za a ga wayar a lsusb, ba za a gan ta a lsblk ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Sai an buɗe makullin allon wayar an zaɓi musayar fayil kafin hotuna su bayyana, da sharaɗin igiyar ba ta caji kaɗai ba ce.

A Windows: diskpart da PowerShell

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi da sibar-kafe a Nijar Windows ce a kansu, kuma da Faransanci. Umarnin ba sa canzawa da harshe, amsar ce ke zuwa da Faransanci. Ana buɗe tagar umarni da izinin mai kula da na'ura, a rubuta diskpart, sannan list disk. Za a ga Disque 0, Disque 1, kowanne da girmansa. Windows daga sifili take fara ƙirga, kuma ba dole ba ne Disque 0 ya zama wanda manhajar ke kai. Don tabbatarwa, a rubuta select disk 1 sannan detail disk, sai ta faɗi sunan samfurin da ko ta USB ya shigo.

Umarnin list volume yana jera yankunan da haruffansu. A nan ake gano ɗaya daga cikin matsaloli mafi sauƙi: yanki lafiyayye wanda kawai bai samu harafi ba. A zaɓe shi da select volume da lambarsa, a rubuta assign letter=K, nan da nan ya bayyana a allo ba tare da an rasa fayil ko ɗaya ba. Haruffan A da B ba a cika ganinsu ba saboda tun zamanin faifan fulofi aka ware su, shi ya sa faifan farko ya zama C.

Wanda ke tsoron diskpart, kuma yana da dalilin tsoro kamar yadda za a gani a gaba, yana iya buɗe PowerShell ya rubuta Get-Disk. Wannan yana nuna lamba, suna, lafiyar faifai da girmansa a tebur ɗaya. Get-Volume kuma yana nuna haruffa da tsarin fayil. Duk umarnin da ya fara da Get a wannan fanni tambaya ce kawai yake yi. Tsohon umarnin wmic da ke yawo a tsofaffin bidiyoyin koyarwa, Microsoft ta daina raya shi, kuma ba ya zuwa a kunne a sabbin Windows 11.

Masu Mac kuma, waɗanda suka fi yawa a cikin masu haɗa bidiyo da ɗaliban da ke karatu a waje, umarninsu shi ne diskutil list. Faya-fayan na fitowa da suna disk0, disk1, disk2, yankuna kuma kamar disk2s1. Idan aka rubuta diskutil list external, na waje kaɗai za a gani.

Ina sauran gigar ta tafi?

Rigimar da ta fi yawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ita ce ta girma. An sayi kile an rubuta 32 a jikinsa, kwamfuta ta ce 29,8. Wannan ba ha'inci ba ne. Masana'antu na ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000, su kuwa Windows da lsblk suna ƙirga ta a matsayin 1,073,741,824. Saboda haka giga 16 kan fito kusan 14,9, giga 64 kusan 59,6, giga 500 kusan 465, tera ɗaya kuma 931. A kile akan ga ƙasa da haka kaɗan ma. Mac tun 2009 ta koma lissafin masana'antu, don haka faifai ɗaya zai nuna lambobi biyu daban a na'urori biyu.

Ha'inci na gaskiya ya fi wannan wayo. Akwai kile da karti memuwar na jabu da ake sauya wa ƙwaƙwalwa domin su yi ƙaryar girma: ainihinsu giga 8 ne, amma suna gaya wa kwamfuta 128 ko ma tera 2. Umarnin lsblk da list disk ba sa kama wannan, domin abin da na'urar ta faɗa shi suke maimaitawa. Mai shi zai yi ta zuba bidiyo yana ganin sunayensu a allo, amma da zarar ya wuce ainihin girman, sabon abu yana hawa kan tsoho ne ko ya faɗa inda babu komai. Ranar da ya zo buɗewa sai ya tarar da sunaye babu ciki, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa ajiyewa ba.

Maganin shi ne gwaji tun kile ɗin yana sabo, babu komai a ciki. A Linux da Mac akwai f3, wanda Michel Machado ya rubuta: f3write yana cika na'urar da fayilolin gwaji, f3read ya karanta su ya faɗi nawa suka dawo lafiya. A Windows akwai H2testw, da mujallar kwamfuta ta c't da ke Jamus ta fitar. Gwajin na ɗaukar lokaci, amma ya fi a gano gaskiyar bayan an zuba hotunan suna da na biki. Farashin da ya yi arha fiye da hankali shi ne alama ta farko, a Katako ne, ko kasuwar Dole, ko a shafukan sayayya na intanet.

Faifan lafiya lau, harshen ne ba a ji

Ba kowane saƙon "sai an wanke" ne ke nufin lalacewa ba. Windows ba ta karanta ext4, tsarin fayil na Linux, haka kuma ba ta karanta APFS, wanda Apple ta fara amfani da shi a 2017. Ɗan uwa da ke Faransa ko Kanada zai iya aiko da faifai cike da hotuna daga Mac ɗinsa, a soka shi a Windows a Tawa, ita kuma ta nuna kamar babu komai ko ta ba da shawarar a wanke shi. Umarnin lsblk -f zai rubuta apfs ƙarara a gaban yankin, a san cewa Mac kawai ake buƙata. Haka idan ya rubuta BitLocker, faifan a kulle yake, kuma sai da kalmar sirri ko lambar ceto mai alƙaluma 48 za a shiga.

Tsarin da dukkan manhajojin uku ke karantawa su kuma rubuta a kansa shi ne exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, ya kuma shiga zuciyar Linux a 2019. Shi ya fi dacewa da faifan da zai yi yawo tsakanin ƙasashe. Tsohon FAT32 ma kowa na jin sa, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, abin da ke sa bidiyon biki ya ƙi shiga kile ko da akwai fili. NTFS na Windows kuwa, Mac na karanta shi amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja.

Idan Windows ta rubuta RAW a gaban yanki, ma'anarsa ba ta gane tsarin ba. Sau da yawa hakan na biyo bayan fizge kile ana cikin kwafi, ko ɗaukewar wuta a kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana. Fayilolin na iya kasancewa a wurinsu, jadawalin da ke nuna inda suke ne ya rikice.

Sai kuma cutar da duk mai zuwa sibar ya sani, bairos ɗin "rakursi", wanda ke mayar da dosiyoyi gajerun alamomi masu kibiya. Ɓoye fayilolin yake yi, ba ya share su. A tagar umarni, dir /a E: zai nuna su, attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kuma zai cire musu mayafin, idan E ne harafin kile ɗin. Kada a danna alamomin masu kibiya, domin ta nan cutar ke shiga kwamfuta, kuma sai an bi kile ɗin da manhajar kashe bairos daga baya.

Kuskuren harafi ɗaya

Dalilin da ya sa masana ke nacewa a kan wannan dubawa shi ne umarnin da ke biye da ita ba su da tausayi. A diskpart, kalmar clean tana share teburin yankunan faifan da aka zaɓa ba tare da tambayar ko an tabbata ba. Idan aka ƙara all, sai ta bi faifan kaf ta rubuta sifili. A Linux, umarnin dd da ake amfani da shi wajen ɗora Ubuntu a kan kile yana rubutu a kan duk sunan da aka ba shi. Tsakanin sdb da sda harafi ɗaya ne, amma na biyun na iya zama faifan da ke ɗauke da lissafin shago na shekara biyar.

Abin da ke ƙara haɗarin shi ne sunayen ba sa zama wuri ɗaya. Linux na raba haruffa ne bisa wanda ta fara gani. Kile ɗin da yake sdb jiya zai iya zama sdc yau idan an riga shi da wani, kuma idan aka tayar da kwamfuta daga kile, shi kansa yana iya karɓe sunan sda. Lambobin Disque na Windows ma haka suke sauyawa. Wanda ya kwafo umarni daga bidiyon YouTube ko daga wani guruf na WhatsApp ya liƙa yadda yake, ya yi amfani da sunan faifan wani ne a kan nasa.

Akwai kuma tarkon allon rubutu. Kwamfutocin Nijar galibi AZERTY ne, na Faransa, yayin da waɗanda ke shigowa ta Kano da Legas QWERTY ne. Idan aka tayar da Ubuntu daga kile ba a zaɓi harshe ba, tana ɗaukar allon a matsayin na Amurka: a danna a ta rubuta q, alamomi kamar / da - su koma wani wuri. A duba abin da ya fito a allo kafin a danna Entrée.

Ƙa'idar masu aikin ba ta da wuya. A rubuta lsblk ko list disk kafin a soka na'urar, a sake rubutawa bayan an soka; sabon layin da ya ƙaru shi ne ita. A gwada girma da sunan samfuri da abin da ke rubuce a jikinta. A cire duk wani faifan waje da aikin bai shafa ba. Idan aka tashi aka dawo, a sake dubawa daga farko.

Mai sayen ta-hannu ma na da tambaya

Faya-fayan ciki na ajiye tarihin lafiyarsu da kansu ta wani tsari mai suna SMART. A Linux, sudo smartctl -a /dev/sda yana fito da shi, bayan an sauke manhajar smartmontools. Layi biyu ne suka fi amfani ga mai sayen kwamfutar hannu da ta sha aiki a Turai: Power_On_Hours, yawan awoyin da faifan ya yi a kunne, da Reallocated_Sector_Ct, yawan gurbin da suka lalace aka maye su. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna awa 35,000 ya yi kimanin shekara huɗu yana aiki ba dare ba rana, komai ƙyallin murfinsa. Lambar gurbin da suka lalace kuma idan tana ƙaruwa daga mako zuwa mako, lokacin kwashe kaya ya yi. Rahoton na nuna zafin faifan ma, abin lura a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. A Windows, Get-PhysicalDisk yana ba da taƙaitaccen bayanin lafiya.

Idan ɓarnar ta riga ta auku

Wanda ya riga ya danna "Formater", ko ya share teburin yankuna bisa kuskure, abu na farko shi ne ya daina rubuta komai a kan faifan. Wankin gaggawa jadawali yake sabuntawa, ba ya bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, amma kowane sabon abu da aka zuba yana iya hawa kansu. TestDisk da PhotoRec, manhajoji na kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, suna aiki a Windows, Linux da Mac: ta farko tana neman yankin da ya ɓata ta mayar da shi, ta biyu tana tsinto hotuna, bidiyo da takardu ko da jadawalin ya tafi, sai dai ba da sunayensu na asali ba. Abin da aka tsinto a wani faifan daban ake zuba shi. Cikakken wanki na Windows kuwa sifili yake rubutawa a ko'ina, kuma a faifan SSD abin da aka share kan tafi da wuri, don haka a nan fatan ba shi da yawa.

Faifan da ke ƙas-ƙas ko ke zubo I/O error, kowace kunnawa na rage masa kwana. Masu aikin ceto kan fara da kwafe shi gaba ɗaya zuwa lafiyayyen faifai da GNU ddrescue, wanda ke fara ɗebe sassan da ke karantuwa kafin ya koma kan masu wuya, sannan su yi bincike a kan kwafin. Kwamfutar da Windows ɗinta ta ƙi tashi ma ba dole a wanke ta nan take ba: ana iya tayar da ita daga kile mai Ubuntu, a nemo faifan da lsblk, a kwashe takardu, sannan a yi gyara.

Mai kai na'urarsa shagon gyara yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa jerin faya-fayan a allo, a nuna masa wanne ne nasa da abin da aka rubuta a gabansa, kafin ya amince a wanke. Ɗan ci-ranin da ke taimaka wa na gida daga nesa kuma zai iya cewa a ɗauko masa hoton amsar lsblk -f ko Get-Disk a turo ta WhatsApp, ya ga halin da ake ciki kafin ya ba da shawara. Memuwar, takardar haihuwa, difloma da hotunan iyali kuwa, a ajiye su aƙalla wuri biyu da ba sa kwana a jaka ɗaya, kuma a riƙa cire kile ta hanyar "Éjecter" kafin a zare shi.